Kalmar "label" ta Turanci: tambayoyi da amsoshi kan ma'anarta, asalinta da amfaninta

Kalmar "label" tana cikin kalmomin Turanci da mutum zai ci karo da su a kantin magani, a ajin makaranta, a hirar mawaƙa, har a cikin akwatin saƙonninsa na intanet, kuma a kowane wuri da ɗan abin da take nufi. Ga amsoshin tambayoyin da ɗalibai da masu fassara da 'yan kasuwa suka fi yi a kanta.

Mene ne ma'anar "label" a taƙaice?

Ma'anarta ta yau da kullum ita ce 'yar takarda, ko ɗan ƙyalle, ko ɗan roba, da ake mannawa ko ɗinkewa ko ratayawa a jikin wani abu domin a bayyana ko mene ne shi. Takardar da ke jikin kwalbar maganin tari, wadda ke ɗauke da sunan maganin da yadda ake shansa da ranar lalacewarsa, ita ce "label". Haka ɗan ƙyallen da ke wuyan riga ta ciki, mai nuna girmanta da ƙasar da aka ɗinka ta. Haka takardar da ake liƙa wa turmin atamfa.

Daga nan sauran ma'anonin suka yi rassa. Akwai kamfanin da ke fitar da waƙoƙi, akwai gidan ɗinki mai suna, akwai kuma sunan da jama'a ke liƙa wa mutum ko wata ƙungiya, kamar a ce wane ɓarawo ne ko wance mayya ce. Ana kuma amfani da ita a matsayin aikatau, wato manna wa abu shaida, ko laƙaba wa mutum suna.

Abu guda ya haɗa su duka: "label" ba shi ne abin ba, wani abu ne daban da aka ɗora a kansa daga waje. Ana iya ɓare shi, ana iya musanya shi, yana iya faɗin gaskiya, yana iya yin ƙarya. Wanda ya riƙe wannan ba zai sha wahalar sauran ma'anonin ba.

Yaya ake furta ta, kuma me ya sa take rikicewa da "level"?

Gaɓa biyu ce, ƙarfin muryar yana kan ta farko: lei-bul. Wasalin farko dogo ne mai lanƙwasa, irin wanda ke cikin "table".

Rikicin da "level" kuwa daga bakinmu yake. Hausa ba ta da sautin v, sai mu mayar da shi b. Shi ya sa ma'aikacin gwamnati zai ce yana kan lebul takwas, ɗalibin jami'a ya ce yana lebul uku, mai kanti kuma ya ce a duba lebul ɗin kwalba, kalma biyu sun zama ɗaya a kunne. A Turanci ba su da wata alaƙa. "Level" mataki ne ko daidaito, wasalinta na farko gajere ne, kuma haƙoran sama suna taɓa leɓen ƙasa wajen furta tsakiyarta. A hira ta Hausa babu laifi, mahallin magana yana warware komai. A jarrabawar furuci ko hirar neman aiki da Turanci ne ya kamata a raba su.

Daga ina kalmar ta samo asali?

Daga tsohon Faransanci. Bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan gidaje har na tsawon ƙarnoni, kalmominsa dubbai suka kwarara cikin Turanci. "Label" tana cikinsu, ta bayyana a rubutun Turanci wajajen shekara ta 1300. A Faransancin lokacin ana cewa "label" ko "lambel", ana nufin siririn ƙyalle ko igiyar ado da ke lilo a jikin tufa. 'Yar'uwarta tana nan da rai a Faransancin yau, "lambeau", wato tsumma ko yagaggen yanki.

Masana asalin kalmomi sun fi karkata ga cewa su ma Faransawan arowa suka yi daga harsunan Jamusawan da, inda ake da kalma mai kama da "lappa" da ke nufin tsumma ko ɓangaren tufa mai reto. Idan haka ne, to danginta a Turanci su ne "lap", wato cinya, wadda asalinta ɓangaren rigar da ke rufe cinyar ne, da "lapel", wato naɗin gaban kwat.

Abin lura a nan shi ne, a farkon rayuwarta kalmar ba ta da wata hulɗa da rubutu. Ƙyalle ne kawai mai lilo.

An ce tana da alaƙa da gidajen sarauta. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wannan na cikin tsofaffin ma'anoninta. Manyan gidajen Turai kowanne yana da tambarin da ake zanawa a garkuwa da tuta. To idan uba yana da rai, ɗansa ma ya fito fagen yaƙi ko wasan dawaki da tambarin gidan, ta yaya za a bambanta su? Sai aka ɗauki al'adar zana wani siririn layi a saman garkuwar babban ɗa, da 'yan harsuna uku suna saukowa daga jikinsa kamar ƙyallayen da aka rataya a igiya. Wannan zanen shi ake kira "label". Ranar da uban ya rasu, ɗan ya gaje shi, sai a cire.

Har yanzu gidan sarautar Birtaniya na bin wannan. Yarima mai jiran gado yana ɗaukar tambarin sarki ne da farin layi mai harsuna uku a samansa. Lokacin da Yarima William ya cika shekara 18 a 2000, an ba shi nasa da ɗan jan ƙwanson teku a harshen tsakiya, wanda aka ɗauko daga tambarin dangin mahaifiyarsa Diana. Da mahaifinsa ya hau gadon sarauta a 2022, shi ya zama mai jiran gado, sai ya koma ɗaukar farin layin zalla.

A nan ne kalmar ta fara ɗaukar ma'anar shaida, wato abin da ake gani a san wane ne wannan.

To yaya ƙyalle ya koma takardar jikin kwalba?

Ta hanyar takardun shari'a. A Turai ta tsakiyar zamani sau da yawa ba a buga hatimi a kan takarda kai tsaye kamar yadda muka saba. Ana huda ƙasan takardar, a zura siririn yankin fata ko ƙyalle, a narka kakin zuma a ƙarshensa, a danna hatimi, ya riƙa lilo a ƙasa. Wannan yankin ma "label" ne. Daga nan aka riƙa kiran duk wata 'yar takardar da aka haɗa da babbar takarda da wannan suna, har da ƙarin bayanin da ake yi wa wasiyya.

Shakespeare ya yi amfani da ita da wannan ma'ana. A wasan Romeo da Juliet, inda ake son tilasta wa Juliet auren wani, ta ce hannunta da aka riga aka ɗaura wa Romeo ba zai zama "label" na wata yarjejeniya ba, wato ba zai zama abin ɗaukar hatimin wani ɗaurin aure ba. Ɗalibin da ya karanta wurin da ma'anar yau zai ɗauka sitika take nufi, maganar ta zama shirme.

Ma'anar takardar da ke bayyana abin da ke cikin mazubi ta kafu a ƙarshen ƙarni na 17, lokacin da masu haɗa magunguna ke ɗaura wa wuyan kwalabe 'yan takardu da zare. Mannawa da gam ta biyo baya, sannan injinan buga launi na ƙarni na 19 suka cika gwangwanaye da akwatunan ashana da hotuna. Irin wadda muke ɓarewa mu manna ba tare da jiƙa ta ba, wani Ba'amurke ne mai suna R. Stanton Avery ya fara yin ta a Los Angeles a 1935, kuma kamfanin da ya kafa yana nan har yau.

"Labelled" ko "labeled"? Wanne ne daidai?

Duka biyun. Turancin Ingila yana ninka l: "labelled", "labelling". Na Amurka yana barin guda: "labeled", "labeling". Haka abin yake a "travelled" da "cancelled". Amurkawa suna ninka l ne kawai idan ƙarfin murya yana kan gaɓar ƙarshe, kamar a "controlled". Wannan bambanci yana komawa ga Noah Webster, wanda ƙamusunsa na 1828 ya daidaita wa Amurka rubutunta.

Makarantun Najeriya da Ghana tsarin Ingila suka gada, saboda haka ɗalibi mai shirin WAEC ko NECO gara ya ninka. Abin da malamai ba sa so shi ne gauraya, a rubuta ɗaya a sakin layi na farko, a rubuta ɗayan a na uku.

Kuskuren da babu ƙasar da ta yarda da shi shi ne "lable". Yana yawan faruwa saboda "table" da "cable" da "able" sun saba wa hannu. Ita wannan da e-l take ƙarewa.

Yaya ake saka ta a jimla?

A matsayin suna tana karɓar jam'i: "labels". A matsayin aikatau akwai hanyoyi uku da suka fi yawa. Idan za a faɗi abin da aka rubuta a jikin abu, ana cewa "label the box with your name", wato ka rubuta sunanka a jikin akwatin. Idan za a faɗi sunan da aka laƙaba wa mutum, ana iya saka "as" ko a bar shi: "they labelled him a traitor" da "they labelled him as a traitor" duk daidai ne, ma'anarsu sun kira shi maci amana. Ta uku ita ce ta ajin kimiyya, "draw and label", wato ka zana hoton, ka ja layi zuwa kowane sashe ka rubuta sunansa. Ɗalibai da dama suna zana zuciya ko furen tsiro da kyau, su manta rabin umarnin, su yi asarar maki a banza.

Akwai 'ya'yanta kuma: "mislabel" shi ne saka shaidar da ba daidai ba, "relabel" sake sakawa, "unlabelled" abin da ba shi da ita sam.

Mene ne bambancinta da "tag", "sticker" da "brand"?

"Sticker" duk abin da ake mannawa ne, ko yana bayani ko ba ya yi. Hoton ɗan takara da ke bayan Keke Napep sitika ne, amma ba ya gaya maka komai game da keken, don haka ba "label" ba ne. "Tag" yawanci ratayawa ake yi, kamar takardar farashi ko wadda ake ɗaura wa jaka a filin jirgi, ko alamar da ake saka wa kunnen saniya. Daga ita aka samu ambaton mutum a Facebook, da kuma alamar # da Chris Messina ya ba da shawarar amfani da ita a Twitter a 2007.

"Brand" ta fi su nauyi. Asalinta ƙuna ce, wato lalas da ake yi wa dabba da jan ƙarfe domin a san mai ita. Yau tana nufin sunan kamfani da duk martabar da ke tare da shi. Bambancin asalin yana nan a yadda Turawa ke ji da kalmomin biyu: idan an ce an yi "brand" ɗin mutum da cin amana, ana nufin tabon da ba ya gogewa, ya fi "label" zafi.

Wani lokaci kalmomin suna haɗuwa a abu guda. Shayin Lipton da ake sha a teburin mai shayi cikakken sunansa "Yellow Label", saboda launin ɗorawa na takardarsa. Launin takardar ya zama sunan kayan.

Tana da alaƙa da "libel"?

Babu. Kama da wane ba wane ba ne. "Libel" ɓata suna ne a rubuce, daga kalmar Latin mai nufin ɗan ƙaramin littafi. Sai dai ɗan jarida ya sani cewa laƙaba wa mutum sunan ɓarawo a jarida kafin kotu ta yanke hukunci yana iya kai shi gaban alƙali kan laifin "libel".

Me ya sa ake kiran kamfanin waƙa "record label"?

Saboda faifan garmaho. Baƙin faifai ba ya nuna abin da ke cikinsa, don haka tun farkon ƙarni na 20 ake manna wata zagayayyar takarda a tsakiyarsa, mai ɗauke da sunan waƙa da mawaƙi da tambarin kamfani. Masu saye suka saba gane kamfani ta launin takardarsa, har sunan takardar ya koma sunan kamfanin. Motown da Berry Gordy ya kafa a Detroit a 1959 "label" ne, haka Mavin da Don Jazzy ya kafa a Legas a 2012, duk da cewa yawancin masu sauraron waƙoƙin Mavin ba su taɓa riƙe faifai a hannu ba.

Idan aka ce mawaƙi ya sa hannu da "label", yawanci ana nufin kamfanin zai ɗauki nauyin naɗa da talla da rarrabawa, kamfanin kuma ya mallaki haƙƙin sautin da aka naɗa ko ya ɗauki kaso mai tsoka. Yawancin rigingimun da ake ji tsakanin mawaƙa da kamfanoninsu a kan wannan mallakar ne. Matashin da aka miƙo wa irin wannan takarda ya nemi lauya kafin ya nemi mai ɗaukar hoto.

A harkar tufafi ma haka abin ya faru. Ɗan ƙyallen wuyan riga ya zama sunan gidan ɗinkin, shi ya sa ake cewa "designer label".

Me ake nufi da "labelling" idan ana maganar mutane?

Wannan ita ce ma'anar da ta fi jawo muhawara. Ana nufin a tattara mutum gaba ɗayansa a cusa shi cikin kalma guda: daƙiƙi, ɗan daba, mahaukaciya, tsohon fursuna. A Turanci kusan kullum tana ɗauke da ƙorafi. Wanda ya ce "don't label me" yana cewa ne kada ka yanke mini hukunci da suna ɗaya.

Masana zamantakewa a Amurka sun gina nazari sukutum a kanta. Frank Tannenbaum ya rubuta a 1938 cewa yadda ake kama yaro a kunyata shi a bainar jama'a kan ƙaramin laifi yana iya tura shi ya zama abin da aka kira shi. Edwin Lemert a 1951 ya raba kauce wa ƙa'ida gida biyu: na farko, wanda kusan kowa yana yi ya wuce, da na biyu, wanda ke zuwa bayan jama'a sun liƙa wa mutum suna, ƙofofi sun rufe masa, shi ma ya karɓi sunan ya fara rayuwa da shi. Wanda ya fi shahara shi ne Howard Becker, mai kaɗa piyano a gidajen rawa na Chicago kafin ya zama farfesa. A littafinsa Outsiders na 1963 ya nuna cewa ba aikin kaɗai ke mayar da mutum mai laifi ba, har da wanda ke da ikon saka suna da wanda ake saka wa. Yara biyu za su yi abu iri ɗaya, a ce ɗan mai hali ƙuruciya ce ke damunsa, ɗan talaka kuma a ce ya lalace.

A fannin ilimi akwai gwajin Robert Rosenthal da Lenore Jacobson da aka wallafa a 1968. Sun gaya wa malaman wata firamare a California cewa wasu yara za su yi fice a shekarar, alhali sunayen a kan ƙuri'a aka zaɓo su. A ƙananan azuzuwa, yaran da aka ambata sun fi sauran ci gaba. Binciken da ya biyo baya ya nuna tasirin bai kai yadda aka fara zuzuta shi ba, amma yana nan.

Nazarin yana da raunin da masu sukarsa suka daɗe suna nunawa: bai bayyana abin da ya sa mutum ya aikata laifin farko ba, kuma yana iya sa a manta da wanda aka cuta. Akwai kuma sunan da ke da amfani. Yaron da ake duka shekara da shekaru a kan wai ba ya ji, ranar da likita ya gano kunnensa ne ke da matsala, sunan ciwon ya cece shi. A ganina abin tambaya shi ne ko sunan yana buɗe hanyar taimako ne ko yana rufe ta.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan batu. Muna cewa suna linzami, kuma aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙubba.

Mene ne "off-label" da "white label"?

"Off-label" kalmar likitoci ce. Hukuma tana amincewa da magani ne domin wani ciwo takamaimai, da adadi takamaimai, ga wasu mutane takamaimai, kuma wannan ne ake rubutawa a takardarsa. Idan likita ya ba da shi domin wani abin da ba a rubuta ba, bisa hujjar bincike da ƙwarewa, ya yi amfani da shi "off-label". Misoprostol misali ne sananne: an fara amincewa da shi domin kare ciki daga gyambo, daga baya likitocin mata suka gano amfaninsa wajen tsayar da zubar jini bayan haihuwa. A ƙasashe da yawa wannan ba laifi ba ne ga likita. Ba izini ba ne kuma ga mai kemis ko maƙwabci ya riƙa raba magani yadda ya ga dama.

"White label" kuwa kaya ne da wata masana'anta ke yi ba tare da sunanta ba, wasu su saya su manna nasu. Ruwan roba, sabulu, man shafawa, har manhajojin banki ana yin haka da su. Kayayyaki biyu masu suna daban da farashi daban suna iya fitowa daga injin guda.

Doka tana da ruwa da abin da aka rubuta a jikin kaya?

Ƙwarai. Labarin da ya fi daɗi a nan shi ne na "Made in Germany". A 1887 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta tilasta a riƙa nuna ƙasar da aka yi kayan da ake shigowa da su, saboda masu ƙera wuƙaƙe na Sheffield suna kukan cewa kayan Jamus masu araha suna shigowa da sunan garinsu. Niyyar ita ce mai saye ya gani ya guje su. Cikin 'yan shekaru Jamusawa suka inganta kayansu, rubutun da aka ƙirƙiro domin kunyatarwa ya koma abin da ake nema.

Amurka ta haramta yi wa abinci da magani shaidar ƙarya a dokar 1906. Gargaɗin lafiya ya hau kwalin sigari a can a 1966, kuma jadawalin sinadaran abinci da ake gani a bayan kwalaye ya samo asali daga dokar 1990. Ostareliya ta wuce kowa a 2012, ta hana kamfanonin sigari saka launinsu da tambarinsu a kwali gaba ɗaya.

A Najeriya aikin NAFDAC ne, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wadda aka kafa a 1993, ta kuma yi suna zamanin shugabarta Dora Akunyili daga 2001 zuwa 2008. Abin da mai saye zai duba a jikin magani ko abincin gwangwani shi ne lambar rajistar hukumar, sunan masana'anta da adireshinta, lambar rukunin da aka yi kayan a ciki, ranar yi da ranar lalacewa. Da yake masu jabu ma suna da injin buga takarda, a 2010 aka ɓullo da tsarin kankare wani wuri a jikin kwalin wasu magunguna, a tura lambar da ke ƙasa ta saƙon waya, a samu amsa ko na gaske ne. Matan da ke sayen atamfa a Kantin Kwari sun riga hukuma gane wannan darasi: ba sa tsayawa kan takardar, sai sun duba rubutun bakin zanen, sun murza shi a hannu, sun juya bayansa.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne "best before" da "use by". Na farko yana maganar inganci ne, bayan ranar ɗanɗano ko ƙamshi na iya raguwa. Na biyu maganar lafiya ce, bayan ranar kada a ci.

A kwamfuta fa?

Gmail, tun fitowarsa a 2004, ya zaɓi "labels" maimakon jakunkunan ajiya. Bambancin shi ne saƙo ba ya iya zama a jaka biyu lokaci guda, amma ana iya manna masa shaida uku ko huɗu.

A fannin ƙirƙirarriyar basira kalmar ta zama ta yau da kullum. Kafin na'ura ta iya bambanta hoton akuya da na tunkiya, sai an nuna mata hotuna dubbai da mutane suka riga suka rubuta wa kowanne sunansa. Rumbun ImageNet, wanda Fei-Fei Li da abokan aikinta suka gabatar a 2009, ya ƙunshi hotuna sama da miliyan 14, kuma mutane ne da aka ɗauka haya ta intanet suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan aiki, "data labelling", ya zama sana'a a Kenya da Indiya da Filifin da wasu ƙasashe, ana kuma yawan ƙorafi kan ƙarancin ladansa. Duk kuskure ko son zuciyar da mai saka sunan ya yi, na'urar za ta haddace shi.

A Nijar na ga "label" a rubutun Faransanci. Ma'anarsu ɗaya?

Ba ɗaya ba ce. Kalmar ta yi tafiya ta dawo gida da sabuwar riga. Faransawa sun sake aro ta daga Turanci, amma suka taƙaita ta ga shaidar inganci da wata hukuma ke bayarwa, kamar "Label Rouge" da aka kafa a 1960 domin kayan gona masu daraja, musamman kaji. Takardar jikin kwalba ta yau da kullum a Faransanci "étiquette" ce. Saboda haka mai fassara daga Faransanci zuwa Turanci a Maraɗi ko Damagaram ya kula: "étiquette" ita ce "label" ta Turanci, "label" ta Faransanci kuma ta fi kusa da shaidar inganci. Ita "étiquette" ɗin ma ta shiga Turanci sau biyu, ta haifi "ticket", wato tikitinmu, sannan ta sake shiga da ma'anar ladubban zama da mutane.

Wace kalmar Hausa ce ta dace a fassara ta da ita?

Babu guda ɗaya da za ta ɗauke duka, kuma neman ta ɓata lokaci ne. Idan ta jikin kaya ce, a ce takardar jikin kwalba, ko rubutun jikin kwali, ko shaidar kaya. Idan sunan kamfani ake nufi, tambari ya wadatar. Idan ta waƙa ce, kamfanin waƙa. A darasin kimiyya, a ce rubuta sunayen sassa. Idan kuma ta mutane ce, muna da laƙabi da laƙabawa, daga Larabci, sai dai a lura cewa laƙabi a Hausa yana iya zama na yabo ko na ƙauna, ita kuwa ta Turanci a wannan wurin kusan kullum ta suka ce. Domin a fito da zafin, gara a ce an liƙa masa suna, ko an yi masa tambari, ko an shafa masa kashin kaji idan sunan na ƙarya ne.

A sanarwar lafiya ta rediyo, "read the label" ba ta buƙatar wata ƙirƙira. A ce wa mutane su karanta abin da aka rubuta a jikin maganin kafin su sha, wanda bai iya karatu ba kuma ya ba wani ya karanta masa, musamman adadin da ake sha da ranar lalacewa.